Ƙarshen Gefe na Biyu

Wayar ta yi ƙara ina gyaran famfon rijiya
a tsohuwar gonar su Delbert, hannuna duk baƙin mai.
Wani yaro ne daga Osaka, Turancinsa na ɗingishi,
wai ni ne Orval Spradlin, mai ganga?
Na ce rabon da a kira ni haka ya fi shekara hamsin.
A Tucumcari, ni mai famfo ne.

Ya ce ya sayi faifanmu dala ɗari tara.
Sai da na kifa bokiti na zauna.

Guda ɗari uku muka buga, shekarar saba'in,
da kuɗin maruƙan da Delbert ya sayar a bayan idon babansa.
Sha ɗaya aka saya.
Gidan rediyon kaboyi suka ce gashinmu ya yi yawa,
masu gashin suka ce muna warin kashin shanu.
Sauran suka kwanta a sito
har zafin Agusta ya lanƙwasa su kamar bakin malafa.
'Ya'yan Lorna Faye kan cilla su sama,
kawunsu na gwada saiti da bindiga.

Bangon, shuɗin doki ne mai ido uku
yana kiwo a kan wata.
Eusebio ya zana shi daren da ya tsotsi 'yar takardar nan,
ya ce duwatsu na numfashi,
ya durƙusa yana ba murtsunguwa haƙuri har asuba.

Jitar Delbert a kwance take.
Ya ja ƙarfe bisa tsirkiya
ta yi kukan wadda aka bari a tashar mota,
sai ya murɗa wani maɓalli,
kukan ya narke, ya kwarara, ya koma launi.
Ya kwanta dama a tamanin da huɗu. Hanta.
Lorna Faye ta ƙarar da muryarta a coci.
Eusebio kuwa ko ƙeyarsa.

Yaron ya ce tambayarsa ɗaya ce.
A ƙarshen gefe na biyu, bayan kowa ya yi shiru,
kafin allura ta ɗaga,
akwai wani ƙiii, ƙiii, minti guda cur.
Shi da abokansa sun daɗe suna musu.
Goge ne aka juya da baya?
Muryar mace ce aka ja kamar roba?
Wani cikinsu ya rantse numfashin duniya ne.

Na ɗaga kai.
Fankar da iska ke kaɗawa ta jawo ruwa
tana nan bisa rijiyar,
tsatsa ta cinye ta, ba ta fasa juyi ba.
Ranar, ƙofar rumfa muka manta a buɗe,
kuɗin sake ɗauka kuma babu.

Ban faɗa masa ba.
Na ce, saurara.
Na miƙa wayar sama iya tsawon hannuna,
na tsaya haka har kafaɗata ta yi tsami.
Can ciki, a ƙasar da gobe ta riga ta waye,
na ji yana jan hanci.