Mazaunin Ɗan Bida

Kawu Illo ne ya zo da shi daga Abijan,
a naɗe cikin tsohuwar riga, can ƙasan jaka,
tsakanin sabulu da atamfar Inna.
Wani ɗan allo baƙi, faɗinsa bai kai faifai ba,
da kunnuwa biyu, ja da shuɗi,
da ɗan akwati mai tsagaggen baki.
Kawu ya ce nan yake zama in yana gida.

Ka dasa shi a mazaunin, sai ya hau tele,
motocin tsere su cika ɗaki da ƙugi,
yaran Bilbis su toshe ƙofa,
takalma a zube kamar ranar suna.
Ka zare shi, tele ta yi tsit,
wasan ya biyo ka tafin hannu
daidai kwanar da ka baro.

Inna ta daɗe tana kallo, tana tsince shinkafa.
Can ta ce: wannan abu Ba'adare ne.
Yana da ɗaki, yana da wurin zama,
amma ƙafarsa ɗaya tana waje.

Ni da yayana Asumana muka raba kunnuwan,
shi shuɗi, ni ja.
Nawa yana da lalura:
ko ban taɓa shi ba, motata sai ta ja hagu
kamar jakin da ya san hanyar rijiya.
Ban kai ƙara ba.
Na koya wa babban yatsana karkata dama.

Daren bazara, in aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya,
sai mu ja tabarma tsakar gida,
mu jingina allon a jikin butar shayi,
kawunanmu a haɗe, sauro na cin rabonsa,
har batir ya yi ja.
Sau ɗaya na ci shi. Sau ɗaya tak.
Ya ce hayaƙin gawayi ne ya shiga idonsa.

Sai sunansa ya fito: jami'a, Yamai.
Motar asuba.
Inna ta ƙulle masa cuku da yaji a leda biyu.
Allon ya shige aljihun jaka.
Mazaunin kuwa ya bari,
wai ɗakin ɗalibai babu tele,
mutum shida ne a kan makunni ɗaya.
Daga Konni ya rubuto: na wuce mataki na tara.
Daga Dogon Dutsi: batir ya mutu.
Daga Dosso, shiru.

Ga mazaunin nan gefen tele har yau,
baki buɗe, waya a jone.
Inna ta rufe shi da ƙyallen da take rufe tuwon baƙo.
Ran da Baba ya soka takardar kuɗin ruwa a tsagarsa
ta zare ta, ta ajiye kan firji,
ba ta ce uffan ba.
Baba bai sake ba.

Jan kunnen na tsinta ƙarƙashin matashina
kwana uku da tafiyarsa.
Na buga masa waya: ka yi mantuwa.
Ya ce ba mantuwa ba ce,
da guda ma ana tuƙi,
ki riƙe, kada hannunki ya yi sanyi.
Bayansa ina jin hayaniyar gada
da wani yana kiransa da sunan da ban sani ba.

Wani dare nakan danna shi cikin duhu.
Ƴan fitilu kore su yi ta kai da komo,
suna laluben abin da ke bayan gari bakwai,
su gaji, su mutu.
Inna daga ɗakinta ta ce: ki kwanta, Tsahara.

Saura wata biyu da kwana tara a yi hutu.
Jiya a lakwal ina riƙe da alƙalami,
malam na ta bayani,
na duba, ashe yatsana yana karkata dama.