Gashi Ba Wuta

Ranar da likita ya miƙo takarda
ya ce ku kai ta sashen gashi,
na dube shi, na dubi hannuwana.
Shekara goma sha tara ina walda a Dilimi,
na san abin da wuta ke yi wa ƙarfe.
Na ce a raina, wannan 'yar tatsitsiya
da ko wuyanta ba ta iya riƙewa,
ita za a gasa?

Ashe ba wuta a ɗakin.
Shimfiɗar roba ce shuɗiya,
da ƙwallon da ya fi Zinatu tsawo,
da madubi bango guda,
da wata mata, Sista Kangyang,
wadda ta tuɓe takalmi ta durƙusa
ta gai da 'yata kafin ta gaishe ni.

Talata da Juma'a.
Keke daga Gangare zuwa Taminus,
wani daga can zuwa Lamingo,
sanyin safiya na cizon kunne.
Barira ta naɗe ta a rigar sanyi biyu da hula,
ido kaɗai ke waje, yana ƙirga duwatsu.

Gwaggona ta aiko da rubutu a gora.
Mun ba ta, mun shafa mata,
gari ya waye mun koma Lamingo.

Kada ka ja, Malam, in ji Sista,
ba rodi ba ne.
Tallafi diddige, tura a hankali, ƙirga ashirin,
in ta yamutsa fuska ka dakata.
Ni da ke lanƙwasa ƙarfe a kan gwiwa
sai ga ni ina koyon miƙe ƙafa da yatsu uku,
gumi na tsatsafo mini cikin wannan sanyi.

Wata bakwai kafin ta riƙe kanta.
Yayyenta biyu sun yi nasu
ba wanda ya san ranar.
Ɗan maƙwabcinmu da aka haifa bayanta
ya shigo da gudu yana korar kaji.
Barira ta shige ɗaki,
ta daɗe tana gyaran gadon da ke gyare.

Akwai makon da ba kuɗin keke.
Akwai makon da aka hana fita.
Sai na tuna sanduna biyun nan na asibiti
da yara ke dafawa,
na riga na auna su da taƙi, Sista ba ta gani ba.
Na tsinto bututun famfo a wurin 'yan gwangwan,
na kankare tsatsa,
na jira wuta har ƙarfe ɗayan dare,
na shafe su da ragowar koren fentin ƙofar wani.
Sista ta ga hoton a waya, ta ƙyalƙyale:
rage taƙi ɗaya, 'yarka ba soja ba ce.
Na yanke.

Jiya bayan la'asar
muka ɗaura mata takalman roba masu maɗauri,
muka tsayar da ita tsakanin bututun.
Hadari na haɗowa ta kan Shere.
Ta ƙanƙame koren fenti, gwiwa na rawa,
gashin goshinta ya jiƙe sharkaf,
ta harare ni kamar ni na ƙirƙiro tsayuwa.

Sai ƙafar hagu ta ɗaga.
Ba sosai ba, takarda ce kawai za ta wuce.
Ta sauka gaba kaɗan,
tsawon guntun sandar walda
irin wanda nake zubarwa kullum.

Ta dama ta ƙi.
Zinatu ta zube zaune, ta fashe da kukan haushi.
Barira ta toshe bakinta da mayafi,
guɗa ta maƙale mata a wuya,
abin da ya fito kawai: ga shi, ga shi.

Na zaro allin da nake zana ƙarfe
na ja layi a siminti, daidai babban yatsa.
Barira ta ce ruwa zai wanke.
Na ce ya wanke.
Akwai sauran alli a aljihuna.