Daren Ƙugiya

A tsibirin Chiloé, inda ruwan sama ba ya sallama kafin ya shigo,
kakana Eleuterio ya dawo daga teku
da kifi bakwai da rauni ɗaya.
Ƙugiya ce ta cije shi a babban yatsa,
ta bar ƙofa, ba ta fi kafar allura ba.

"Ba komai," in ji shi, ya shafe a wando.
Shekara saba'in fatar nan tana tsaye,
gishiri ya jeme ta, igiya ta kankare ta,
ba ta taɓa ba da hanya ba.
Amma sai bango ya tsage
ƙadangare ke samun wurin shiga.

Dare na biyu yatsan ya kumbura, ya yi jawur.
Ni Yasna, mai shekara biyu kacal a makarantar jinya,
na riƙe shi kusa da fitila
ina karanta abin da littafi bai iya nuna mini ba.

Jijiyoyi sun buɗe, kamar mashigi idan teku ta cika.
Shi ne jan, shi ne zafin.
Fararen ƙwayoyin jini, 'ya'yan ɓargo,
suna kutsowa ta tsagar bango ɗaya bayan ɗaya.
Ba su da mashi, baki kawai gare su:
su haɗiye baƙo,
su mutu da shi a ciki.
Mugunyar nan da kaka Brunilda ke yamutsa wa fuska
maƙabartar waɗanda ba a raɗa wa suna ba ce.

Ya ce hammatarsa na ciwo.
Na taɓa, na ji kaluluwa kamar ƙaramin dankali.
Can ne dandalin.
Wani ya kai guntun maƙiyi a hannu,
yana ɗagawa kamar masunci da ya kamo baƙon kifi:
wa ya san wannan?
Dubban dubbai suka yi shiru.
Ɗaya tak ta ce, ni.
Ta zama biyu, ta zama ɗari, ta zama gari guda,
suka zauna saƙar taru
mai idon da ba ya kama kowane kifi sai shi.

Amma saƙa tana cin kwanaki.

Zazzaɓi ya hura murhunsa
don baƙo ya rasa wurin kwanciya.
Kakana yana rawar ɗari cikin bargo uku na gashin tumaki,
yana kiran jirgin da ya nutse tun ban zo duniya ba.
Na ɗauki biro na zana iyaka kewaye da jan.
Da asuba ya ƙetare ta,
siririn layi yana hawa wuyan hannu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
Maƙwabcinmu Abdón ya tayar da injin kwalekwale,
muka ratsa hazo zuwa asibitin Achao.
Aka tsaga, aka wanke, aka ɗaura ruwan magani.

"To, ina dakarun naki?" in ji shi, yana harara ta.
Na ce, su suka riƙe ƙofa kwana uku
har muka iso.
Bai amsa ba.
Mai jinya ta naɗe masa hannun riga,
sai ga tsohon tabon rigakafi a kafaɗa,
ɗan zagaye, ya koɗe.
Ya dube shi kamar wasiƙar da ya manta ya ajiye.

Yau yana bakin gaɓa yana ɗinke taru da yatsu tara,
na goman a naɗe, fari, yana nuna sama.
A cikinsa wasu tsirarun masaƙa ba su watse ba.
Sun riƙe fuskar baƙon nan,
suna zaune shiru, zare a hannu.