Shaidar Zama

A Toledo, ƙarƙashin gadona,
akwai kwalin takalmi da ba takalmi a ciki.
Takardun wuta ne da rasit na haya,
na ɗaure su da robar gashi
yadda Inna ke ɗaure kuɗin adashe.

Kujera ɗaya a aji, farashi biyu.
Ɗan jiha ya biya kaza,
baƙo ya ninka, ya ƙara, ya haɗiye miyau.
Allo ɗaya, malami ɗaya, sanyi ɗaya ta taga,
amma ni sai na nuna na kwana a nan
wata goma sha biyu cur, ba tsallake.

Na kwana. Wallahi na kwana.
Tambayi benen da ke kuka a mataki na bakwai,
tambayi bas ɗin biyar da rabi na asuba
mai kwaso ni daga gidan kula da tsofaffi
ina ƙamshin sabulu da man zafi.
Sai dai bas ba ta sa hannu,
bene ba shi da hatimi.

Misis Dombrowski ta ofishin rajista,
tabarau rataye da sarƙa a wuya,
ta lashi yatsa, ta juya, ta juya,
ta tsaya.
"Janairu da Fabrairu fa?"
Lokacin wutar da sunan Tigist take,
'yar Habasha da muka raba ɗaki
kafin ta bi aiki zuwa Dallas.
Watanni biyun da suka fi kowanne cizo,
da na koyi taka ƙanƙara kamar mai ɗauke da ƙwai,
leɓe ya tsage, na yi kuka a banɗaki famfo a buɗe,
su ne takarda ta ce ban yi ba.

Na dawo da kwalina a hammata.
Mai gidan haya, tsoho Haddad,
wanda ubansa ya sauka nan daga Labanon da akwati guda,
ya saurare ni yana ɓare lemo.
Bai ce uffan ba. Ya hau sama,
ya sauko da littafinsa mai maiƙo a gefe.
Ga sunana a karkace, Lantanna,
ya ƙara mini harafin da ba a raɗa da shi ba.
Ga ranar da ya karɓi kuɗin Janairu,
har da dala goma da na cika masa daga baya.
Ban taɓa jin daɗin tsohon bashi irin na ranar ba.

Saura layin ƙarshe a fom.
Wai in shaida niyyata zama ce,
ba karatu kaɗai ya kawo ni ba,
nan ne gida.
Biro ya yi nauyi kamar taɓarya.
Daren jiya Inna ta kira, muryarta na tsinkewa:
"In kin gama, ai sai gida ko?"
Na ce mata, "In Allah ya so."
Yau ga wata uwar, mai tabarau,
ita ma tana jiran amsa, amma da tawada.

Wa zan yi wa ƙarya a cikinsu?
Na tuna tumatirin da na shuka a bokitin fenti bayan kicin,
mutum ba ya shuka inda zai tashi gobe.
Na tuna kuma makullin ɗakina na can,
har yanzu yana aljihun jakata,
yana ƙara duk lokacin da na nemi canji.

Na sa hannu.
Ta buga hatimi, ƙwas,
ko ƙofa aka rufe ko buɗe ta aka yi, ban tantance ba.
"Barka da zama 'yar Ohio," in ji ta,
ta tura mini kwanon alewa.

A bas na lissafa rarar da aka sauke mini:
kuɗin littattafai, takalmin sanyi mai gashi a ciki,
da ɗan abin da zan tura wa Inna ran Juma'a
ba tare da na gaya mata
da me na saye shi ba.