Ɗinkin Ƙarshe

Na dawo daga Kongo da littafi a hammata,
gobe jarrabawa, kaina ya ɗau zafi.
Kakana Ramalan na zaure a Ƙofar Gayan,
babbar riga a cinya, ga allura ba ido.

Ya ce, "Saude, karanto in ji abin da ke cin kuɗina."

Na ce, "Akwai ƙasashe, Baba, sarki na kan gado,
amma ƙuri'ar talaka ke cika majalisa.
Jam'iyyar da ta fi kujeru ta fid da firaminista,
shi ya tsamo ministoci daga cikin zaɓaɓɓu.
Su yi ta musu kan doka har murya ta dushe,
'yan adawa na gefe suna ƙirga tuntuɓensu.
Ran da majalisa ta janye amincewa,
ya tattara takardunsa kafin la'asar."

"To, sarkin fa?"
"Sa hannu yake yi."
"In bai so ba?"
"Ya sa, ya haɗiye."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ashe labarin zauren nan nake biya miki!
Tun da idona ya ƙi, yara suka zauna,
aka ɗaga hannu, Ɗalhatu ya ci bakwai cikin sha ɗaya.
Shi ke sayo zare, shi ke yanka farashi.
Bara ya ɗauko bashin shadda a ɓoye,
ba ni na sauke shi ba, su suka sauke shi,
suka ɗora Yusha'u, wanda raina bai kwanta da shi ba.
Ban ce uffan ba.
Bayan isha na ja shi gefe,
na ce kar gaggawa ta ci masa aska biyu.
Iyakata ke nan: in ji, in ja kunne, in sa albarka.

Amma ba rigar da ke ƙetare dokin ƙofar nan
sai na laluba wuyanta na sa ɗinkin ƙarshe.
Mai saye ba ya tambayar wa ke riƙe da asusu,
sunan gidan yake biya."

Na ce, "Ba ya maka ciwo?"

Ya daɗe yana shafa zaren.
"Gara su yi faɗa a kan almakashi
da su yi faɗa a kan zaure."

Sai ya miƙo mini allurar.
"Rufe littafin. Zura mini wannan."