Ɗorin Roba

Shekara talatin da ɗaya ina faci a bakin tashar Jega,
ƙarƙashin dogonyaro, ni da injin iska mai tari.
Tayar da ta mutu ba ta da maƙabarta.
Ga su can jibge bayan rumfata,
damina ta cika masu ciki da ruwa,
sauro ya tare, ya haihu, har ya ga jikoki.

Wasu mun yanka mun yi guga,
wasu takalman makiyaya,
wasu mun tsaga siri-siri na ɗaure buhun albasa a babur.
Sauran mahauta ke kwasa su babbake kai da ƙafa.
Hayaƙin ya tashi baƙi ƙirin,
ya sauka kan shanyar matan unguwa,
ya sauka a ƙirjin Bagudu mai shayi, har yau bai fita ba.

Tumba, ɗiyata ta uku,
ita ta tafi Aliero karatun haɗa sinadarai.
Ran Juma'a ta zo da wani ɗan baƙin abu a ƙunshe,
bai fi tafin hannun jariri ba.
Ta ce, Baba, ja. Na ja, ya miƙe ya koma.
Ta ce, yanka. Na sa reza na raba shi biyu.

Ta ce, ka san abin da ya hana taya narkewa?
Roba zare ce, dubu bisa dubu, ido bai gani.
Sai a zuba farar wuta a gasa,
ta ƙulle zare da zare, ƙullin mutu-ka-raba.
Nan ƙarfinta yake, nan taurin kanta:
ta kai tirela Kamba ta dawo,
amma ta gwammace ta ƙone da ta koma wani abu.

Wannan kuwa zarge muka yi masa.
Zafin kwalta a bazara ba ya motsa shi.
Sai an kai shi wani zafi da aka auna,
kowane ƙulli ya saki hannun da ya riƙe,
ya laluba, ya kama na kusa.
In ya huce, ya damƙe.

Ban tanka ba.
Na haɗa bakin yankan, na matse a ƙarfen faci, na ba shi wuta,
ita tana duban ɗan ma'aunin da ta zo da shi,
tana ce mini ƙara, tana ce mini rage,
ni da na koya mata ɗaure zanen makaranta.
Motar shinkafa ta zo da ƙusa, na cire, na toshe.
Muka sha fura.
Da na kwance ƙarfen, na bi wurin da farce.
Yana nan, ɗan layi kamar tsohuwar shasshawa.
Na ja har jijiyar wuyana ta tashi.
Bai buɗe ba.

Sai na tuna shekarar da na faɗo daga kan lodi,
aka kai ni Alieron nan a kwance,
tsoho mai ɗori ya shafa ƙwaurina ya ce,
ƙashi ya san hanyar gida,
kai dai haɗa shi ka yi haƙuri.

Ta ce, kada ka yi saurin murna.
Goma muka gasa, tara sun saki kamar tuwon da ruwa ya yi wa yawa,
wannan ma ko keke bai taɓa ɗauka ba.
Na bayan rumfa kuwa, ƙullinsu tsohon ƙulli ne,
ba yau ba tukuna.

Na ce, to ran da taya ta iya ɗinke kanta,
mi za mu ci?
Ta yi dariya har ta ƙware.
Ta ce, wa zai ba ta wutar? Sai ka koma mai ɗori.

Ta bi motar la'asar, ta bar mini shi.
Yana aljihuna tare da bawul da canji.
Tsakanin mota da mota nakan fito da shi in ja.
Jiya Bagudu ya roƙa ya gwada,
ya ja, ya yi tari, ya sake ja,
ya ce in tambaye ta ko suna yin na huhu.