Tanimu a Rajistar Liverpool

Hawa na uku, ɗakin karatu na Liverpool,
ruwa na dukan gilashi.
Ma'aikaciyar ta miƙo min takarda mai zanen bishiya,
ta ce in fara da kaina, daga ƙasa.
Au, ni ne saiwar?
A gidanmu kakanni ne tushe, mu ganye.

Kowane reshe gurbi biyu: uwa, uba.
Na nemi na Goggo Delu,
wadda ta raini mahaifina har ya yi gemu.
Babu.

Rajistar jirgin ruwa, alif ɗari tara da arba'in da bakwai.
Na bi layi da yatsa
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Tomi Kano, mai zuba kwal.
Tanimu ne, wallahi!
Magatakarda ya rubuta iya abin da kunnensa ya ɗauka,
ya ba shi ɗaya ga Janairu,
alhali Inna ta ce shekarar fara aka haife shi,
bayan girbin da ba a yi ba.

Na gyara sunan da fensir.
Goggo Delu kuwa na zaunar da ita a gefen takarda,
inda babu layi,
ta jingina da bishiyar.